Yabo Ba da Baki Ba: Nazarin Hoton Charles Darwin na John Collier

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da sabawa da feɗe waƙar yabo. Mun san cewa makaɗin fada ba tarihi yake bayarwa ba. Zaɓe yake yi. Yakan ɗauki hali guda na ubangidansa ya kambama shi, ya yi shiru a kan wani, sa'an nan ya bar wa 'yan baya surar da za su riƙa tunawa. Abin da ba mu faye lura da shi ba shi ne, akwai al'ummomin da ke yin irin wannan aiki da fenti maimakon kalma. A Turai, hoton da ake zana wa babban mutum don a rataya a zauren taro yana tsayawa ne a matsayin kirari, kuma kamar kowane kirari, yana da jigo, yana da zubi da tsari, yana da salo, yana kuma da abin da ya ɓoye.

Wannan maƙala za ta duba ɗaya daga cikin irin waɗannan hotuna, watau hoton Charles Darwin (1809–1882), Baturen Ingila masanin halittu, wanda John Collier ya zana a 1881. Ba manufarmu ba ce mu yanke hukunci a kan ra'in sauyawar halittu da aka san Darwin da shi. Wannan fage ne da masana kimiyya da malaman addini suka daɗe suna tattaunawa a kai. Tambayarmu ita ce: wane irin mutum hoton ya ƙera, ta wace dabara, kuma me mai kallo ya yi asara da ya karɓi wannan sura a madadin aikin mutumin?

2.0 Share Fage

An haifi Darwin a garin Shrewsbury ranar 12 ga Fabrairu, 1809. Yana ɗan shekara 22 ya shiga jirgin ruwan binciken nan mai suna Beagle, wanda ya tashi daga Ingila a Disamba 1831 bai komo ba sai Oktoba 1836. A wannan tafiya ya tattara duwatsu da ƙasusuwa da tsirrai da tsuntsaye, musamman a Amurka ta Kudu, ya kuma yi kimanin mako 5 a tsibiran Galapagos a 1835. Bayan fiye da shekara 20 yana tara hujjoji, ya fitar da littafinsa On the Origin of Species ranar 24 ga Nuwamba, 1859, inda aka buga kwafi 1,250 a karon farko.

Ainihin maganar littafin ba ta da wuyar fahimta. 'Ya'yan kowace halitta sukan bambanta da juna. Wasu bambance-bambancen ana gadonsu. Abin da ake haifa ya fi abin da muhalli zai iya ciyarwa. Don haka waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin zamansu su suka fi rayuwa su bar zuriya. Idan aka ɗauki dubban zuriyoyi a haka, sai jinsi ya sauya, har ya rabu gida biyu ko fiye. Darwin ya fara bayaninsa ne da abin da kowane makiyayi ya sani, watau yadda mai kiwon tantabara ko mai zaɓen iri yake fitar da siffar da yake so ta hanyar zaɓen abin da zai haɗa. Shi kansa ya kiwata tantabaru a gidansa don wannan bincike.

Ƙungiyar Linnean ta Landan, wadda ta tara masana tsirrai da dabbobi, ita ce ta nemi a zana hoton da muke magana a kai. Mai zanen, John Collier (1850–1934), surukin Thomas Henry Huxley ne, watau mutumin da ya fi kowa tsayawa wajen kare ra'in Darwin a bainar jama'a. Ke nan hoton ya fito ne daga cikin gida: masoya suka nema, ɗan gida ya zana. Darwin ya tsaya masa a watan Agusta 1881, yana da shekara 72, kimanin wata 8 kafin rasuwarsa ranar 19 ga Afrilu, 1882. A 1883 Collier ya sake zana kwafi na biyu domin iyalin mamacin, kuma wannan kwafi ne babban ɗan Darwin, William, ya bai wa gidan ajiyar hotunan manyan mutane na ƙasa da ke Landan a 1896. Shi ne aka fi yaɗawa a littattafan makaranta.

3.0 Zubi da Tsari

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne ƙarancin kaya. Dattijo ne a tsaye, yana fuskantar mai kallo kai tsaye, an nuna shi daga kai zuwa wajen cinya. Ya yafa wata baƙar alkyabba mai faɗi wadda ta rufe kusan dukkan jikinsa, yana riƙe da malafarsa a hannu guda. Bayansa duhu ne wanda ba ya nuna ɗaki ko lambu. Babu littafi, babu tebur, babu madubin ƙara girman abu, babu ko reshen itace.

Da yake alkyabbar da bangon duk masu duhu ne, haske bai sami masauki ba sai a wurare uku: sanƙon kai, farin gemu, da hannun da ke riƙe da malafa. Alkyabbar ta buɗe daga kafaɗa zuwa ƙasa kamar dala, kan kuma ya zauna a ƙololuwarta. Ido ba shi da zaɓi. Ko ta ina ya shiga hoton, sai ya hau zuwa fuska. A fuskar ma, girar nan mai kauri ta jefa idanu cikin inuwa, ta yadda mai kallo zai ji ana dubansa amma ba zai iya karanta abin da ke cikin duban ba. Wannan dabara ta fito da fuska daga cikin duhu tsohuwa ce a zanen Turai, an kuma fi saninta a hannun Rembrandt na ƙasar Holan a ƙarni na 17. Collier bai ƙago ta ba, amma ya san inda ta dace.

Za a fi gane cewa wannan ƙarancin kaya da gangan ne idan aka kwatanta shi da hoton da Collier ɗin ya yi wa surukinsa Huxley a 1883. A can, Huxley ya jingina da littattafai, yana riƙe da ƙoƙon kan mutum. Kayan sana'a ne suke gabatar da shi, kamar yadda ake gane maƙeri da uwar maƙera. Darwin kuwa an raba shi da kayan sana'a ƙaf. Saƙon a fili yake: Huxley yana bukatar shaida, Darwin ya wuce nan.

4.0 Jigo: Yabo a Matsayin Amsar Zambo

A ganinmu ba za a fahimci jigon wannan hoto ba sai an san abin da ya zo ya amsa. Tun bayan fitowar littafin Darwin mai suna The Descent of Man a 1871, masu zanen barkwanci na jaridun Ingila suka sami abin yi. A watan Maris na shekarar, mujallar The Hornet ta buga kansa da gemunsa a kan gangar jikin goggon biri, kuma irin wannan zane ya yawaita. Ko a ranar da Jami'ar Kambirij ta ba shi digirin girmamawa a Nuwamba 1877, ɗalibai sun sako 'yar tsanar biri daga saman zauren. Gemu da kaurin gira su ne makaman masu zambo, domin su suka sauƙaƙa haɗa fuskarsa da ta biri.

Abin da Collier ya yi shi ne, ya karɓe waɗannan makamai ya juya su. Gemun da aka mai da gashin dabba ya koma furfurar dattako. Girar da aka mai da ta goggo ta koma alamar zurfin tunani. Mutumin da ake zanawa a tsugune ko a kan reshe, ga shi a tsaye cak, ya tuɓe malafa kamar wanda ya shigo wurin da ake girmamawa. Duk wanda ya san yadda makaɗi yake ɗaukar abin da magabta suke yi wa ubangidansa gori da shi ya mai da shi taken yabo, zai gane wannan dabara nan take.

Alkyabbar ma tana da nata aiki. Ba rigar jami'a ba ce. Tufar da yake yafawa ce idan zai fita zagayen da ya saba yi kullum a wata 'yar hanya da ke bayan gidansa na Down, a yankin Kent. Ɗansa Francis ya ba da labarin cewa da yawa daga waɗanda suka san fuskarsa sosai suna ganin wannan hoto ya fi sauran kama da shi, kuma shi ma mai hoton ya karkata ga haka. Akwai hoton da William Blake Richmond ya yi masa a 1879 cikin jar rigar digiri ta Kambirij, wanda bai kwanta wa iyalinsa ba. Bambancin yana da ma'ana. Jar riga tana cewa hukuma ce ta ɗaukaka shi. Baƙar alkyabba tana cewa girmansa nasa ne. Amma mai kallon da bai san tarihin tufar ba, abin da zai gani shi ne shigar wani shehi ko mai gudun duniya. A nan ne ƙarfin hoton yake, a nan ne kuma matsalarsa ta fara.

5.0 Abin da Hoton Ya Yi Shiru a Kai

5.1 Shekarun Aiki

Mutumin da ya yi tunanin nan ba dattijo ba ne. Darwin ya zana 'yar bishiyar rassan halittu a littafin ajiyar bayanansa a 1837, yana ɗan shekara 28. Hoton da George Richmond ya yi masa a 1840 ya nuna matashi mai saje, ba gemu. Ko lokacin da babban littafinsa ya fito a 1859 ba shi da gemu; sai a shekarun 1860 ya tsayar da shi. Ke nan fuskar da duniya ta ɗaura wa ra'in ba ita ce fuskar da ta haife shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malamin makaranta, domin ɗalibin da aka nuna masa cewa ilimi kayan masu furfura ne ba zai yi zaton sa'ansa ne ya fara wannan tunani ba.

Haka kuma hannun da ke riƙe da malafa ya ɓoye irin aikin da ya saba yi. Daga 1846 zuwa 1854, shekara 8 cur, Darwin yana feɗe wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo da ke manne wa duwatsu da jiragen ruwa. A shekarar da aka zana hoton, aikin da ke gabansa shi ne littafi a kan tana da yadda take juya ƙasar noma, wanda ya fito a Oktoba 1881. Mutum ne mai durƙuso a lambu da ƙirga da aunawa. Hoton ya ba mu wanda ya sani, ya hana mu ganin yadda ya sani.

5.2 Abokan Tafiya

Hoton mutum guda ne a cikin duhu, kamar shi kaɗai ya yi tafiyar. Tarihi bai yarda da haka ba, kuma bangon da aka rataya hoton ya fi kowa sani. A watan Yuni 1858 Darwin ya sami wasiƙa daga Alfred Russel Wallace (1823–1913), wanda ke tara halittu a tsibiran da a yau suke cikin Indunusiya, ɗauke da bayanin da ya yi daidai da nasa. Abokansa Charles Lyell da Joseph Hooker suka shirya aka karanta rubutun mutanen biyu tare a taron Ƙungiyar Linnean ranar 1 ga Yuli, 1858. Babu ɗayansu a wurin: Wallace yana can gabas mai nisa, Darwin kuma yana zaman makokin ƙaramin ɗansa. Taron bai ja hankali ba, har shugaban ƙungiyar na lokacin, Thomas Bell, ya bayyana shekarar a matsayin wadda ba a yi wani gagarumin bincike a cikinta ba. Ana iya kallon hoton 1881 a matsayin biyan bashin wannan sakaci, sai dai mutum ɗaya aka biya. Sai a 1998, bayan shekara 117, ƙungiyar ta sami hoton Wallace na zanen Roger Remington da ya dace a rataya kusa da na Darwin.

Adalci ya wajabta a ce wannan ba laifin Darwin ba ne. A shekarar 1881 ɗin ce ƙoƙarinsa ya sa gwamnati ta yanka wa Wallace fansho na fam 200 a shekara, kuma Wallace yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Laifin na nau'in adabin ne: waƙar yabo ba ta ɗaukar sarki biyu.

Bayan Wallace akwai waɗanda ko sunansu ba a cika ji ba. John Gould, masanin tsuntsaye, shi ya nuna wa Darwin a 1837 cewa ƙananan tsuntsayen da ya kwaso daga Galapagos dangi ɗaya ne duk da bambancin bakunansu. Kafin nan akwai John Edmonstone, baƙar fata wanda aka bautar a Guyana ya sami 'yanci, wanda ya koya wa Darwin yadda ake feɗe tsuntsu a adana fatarsa a birnin Edinbara a 1826. Ba don wannan sana'a ba, da tsuntsayen ba su iso hannun Gould yadda za a nazarce su ba. Babu wata ƙungiya da ta tara kuɗi a zamaninsa don a zana shi.

5.3 Kaifi da Tabo

Natsuwar fuskar tana sa mai kallo ya ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba a 1881. Darwin bai san yadda gado yake aiki ba, kuma bayanin da ya kawo a kan haka bai tsaya ba. Binciken Gregor Mendel na 1866 bai sami karɓuwa ba sai a 1900, kuma sai a shekarun 1930 da 1940 masana suka haɗa ilimin gado da ra'in Darwin ya zama ginshiƙin ilimin halittu na yau. A wani gefen kuma, hasashensa na 1871 cewa a Afirka ya fi dacewa a nemi magabatan ɗan Adam na farko ya sami goyon bayan abubuwan da aka tono daga baya, tun daga ƙoƙon kan Taung a Afirka ta Kudu a 1924 har zuwa wanda ake kira Toumaï, da aka samu a hamadar Djurab ta ƙasar Chadi a 2001, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da kimanin miliyan 7.

Amma a cikin littafin nan na 1871 ne kuma ya jera jinsunan mutane hawa-hawa, ya ɗora Bature a sama, ya kuma ce basirar namiji ta ɗara ta mace. Mutum ne da ya ƙi jinin bauta ƙwarai, duk da haka bai kuɓuta daga son zuciyar zamaninsa ba, kuma masu mulkin mallaka sun sami abin kafa hujja a irin waɗannan maganganu. Ilimin gado na yau ya rushe wannan jeri. Mai karatu ɗan Afirka yana da haƙƙin ya san duka biyun, hoton kuwa bai ba shi ko ɗaya ba.

6.0 Fuska a Madadin Hujja

Surar dattijo mai gemu ita ta ci gaba da wakiltar Darwin. Ita ce a mutum-mutumin da Joseph Boehm ya sassaƙa, wanda aka kafa a gidan tarihin halittu na Landan a 1885. Ita ce kuma a takardar fam 10 ta Ingila daga 2000 zuwa 2018. Sakamakon haka, yawancin mutane hotuna biyu suka gada: shehin Collier da birin masu barkwanci. Mai so ya rungumi na farko, mai ƙi ya rungumi na biyu, kuma dukkansu sun huta da karatu.

Abin lura shi ne, zane guda ɗaya tak Darwin ya sa a littafinsa na 1859, kuma ba hoton mutum ba ne, ba na biri ba ne. Zanen rassa ne masu rabuwa daga tushe. Abin da yake nufi shi ne dangantakar 'yan uwantaka, watau jinsuna biyu na yau suna iya haɗuwa a kaka guda can baya, ba wai ɗayansu ne ya rikiɗe ya zama ɗayan ba. Maganar da ta yaɗu cewa wai Darwin ya ce biri ne ya zama mutum ta fi kusa da zanen The Hornet fiye da littafin. Mutum yana da damar ya karɓi ra'in ko ya ƙi shi, amma ya kamata abin da zai karɓa ko ya ƙi ya zama abin da aka faɗa.

Wannan ya shafi masu fassara ma. Kalmar "juyin halitta" da aka saba amfani da ita tana kawo wa Bahaushe hoton juyin mulki ko juyin waina, watau abu guda ya kife ya zama wani a lokaci ɗaya. Abin da ake nufi kuwa sauyi ne na sannu a hankali a cikin taron halittu, zuriya bayan zuriya, tare da rabuwar rassa. Shi ya sa muka zaɓi "sauyawar halittu" a wannan maƙala. Kalma ma hoto ce, tana iya yin yabo ko zambo ba tare da mai ita ya nufa ba.

7.0 Kammalawa

Idan aka auna hoton Collier da ma'aunin abin da aka sa shi ya yi, ya yi nasara ƙwarai. Da launi kaɗan da tsari mai sauƙi ya ƙwace fuskar mutum daga hannun masu zambo ya mayar masa da mutuncinsa, ya kuma yi haka ba tare da ado ko ƙarya a kan kamanninsa ba. Ta fuskar salo, babu abin da za a rage a cikinsa.

Idan kuwa aka auna shi a matsayin shaidar tarihin ilimi, to, sai a yi hattara. Ya mai da mai bincike shehi, ya mai da aikin jama'a na mutum ɗaya, ya mai da muhawara mai rai hukuncin da aka rufe. Darajar masanin kimiyya tana ga hujjar da kowa zai iya bincika ya tabbatar ko ya rushe, ba ga kwarjinin fuskarsa ba. Shawararmu ga malamin da zai nuna wa ɗalibai wannan hoto ita ce ya ajiye wasu abubuwa uku a gefensa: hoton matashin 1840, zanen rassan 1859, da sunayen Wallace da Gould da Edmonstone. Yadda ba ma rubuta tarihin sarki daga bakin makaɗinsa kaɗai, amma kuma ba ma jefar da waƙar, haka ya kamata mu riƙi wannan hoto.